Yaro ɗan shekara 11, ƙafa lamba 43: wane takalmin zamiyar ƙanƙara za a saya masa?

Da zarar hunturu ya kama a Turai da Arewacin Amurka, wasiƙun 'yan'uwanmu mazauna can sukan karkata ga kayan sanyi. Bana har guda biyar suka zo a kan abu ɗaya: takalmin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato siki, ga yaran da ƙafarsu ta riga jikinsu girma. Ga wanda bai taɓa riƙe irin takalmin ba, hawa biyu ne. Akwai ɓawo na roba mai tauri a waje, da maɓallai uku ko huɗu na ƙarfe, sannan akwai takalmin ciki mai soso wanda ake iya zarewa. Wuyansa yana kaiwa tsakiyar ƙwauri. Gabansa da bayansa suna da leɓe da ke shiga cikin mariƙin da aka ɗaura a kan allon zamiyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 11, nauyinsa kilo 38, amma takalmin makaranta lamba 43 yake sawa, daidai da na babansa. Mun sa shi ajin koyon siki. A kanti sun ce na yara ba wanda zai shige shi, sai na manya. Maigidan kuma ya ce tunda takalmin da tsada, a sayi 45 ya yi shekara uku da shi. Mece ce shawararku? Daga wata uwa, Kalgari, Kanada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da shawarar maigida, don ita ce mai haɗari. Kayan Sallah ake ɗinkawa da rara yaro ya girma a ciki. Takalmin siki ba ya karɓar haka, saboda da shi ake juya allon. Yaro ya matsa ƙwaurinsa gaba ko ya karkata gwiwa, takalmin ne ke kai wannan motsi ga allon. In akwai fili a ciki, ƙafa za ta fara yawo kafin allon ya ji komai. Sai diddige ya riƙa ɗagawa, yatsu su riƙa dukan gaban ɓawo har farcen babban yatsa ya yi baƙi, ƙwauri kuma ya yi ta karo da harshen takalmin. Yaron zai ɗaure maɓallai tamau don ya riƙe ƙafar, jini ya daina zagawa sosai, sanyi ya shige shi. Takalmin da ya yi yawa ya fi wanda ya yi daidai sa ciwo, ko da yake a kanti shi ne ya fi daɗin sawa.

Ki ajiye lamba 43 a gefe tukuna. Takalmin siki yana da nasa ma'auni, sunansa Mondopoint, kuma ba komai ba ne illa tsawon ƙafa da santimita. Ki shimfiɗa takarda a ƙasa jikin bango da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Yaron ya tsaya a kai da siririyar safa, diddigensa na taɓa bango, nauyinsa a kan ƙafafun biyu. Ki ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, ki auna. Ki yi wa ɗaya ƙafar haka, ki ɗauki wadda ta fi. Ki kuma auna faɗi da milimita a inda ƙafar ta fi faɗi, daga tushen babban yatsa zuwa tushen ƙarami. A jadawalin kantuna, lamba 42 tana kusa da 26.5, lamba 43 kuma kusa da 27.5. Amma takalmin makaranta kusan kullum da rara ake sayensa, don haka kada ki yi mamaki in ƙafar ta fito 26 ko 26.5. Wannan santimita ɗaya tana da muhimmanci, domin yawancin takalman yara a 26.5 suke tsayawa, kaɗan ne ke kaiwa 27.5. Mai yiwuwa yaron bai fita daga sahun yara ba tukuna.

Wani abin da masu kanti ba kullum suke faɗa ba: 26 da 26.5 ɓawonsu ɗaya ne, haka 27 da 27.5. Bambancin, in ma akwai, a shimfiɗar ciki yake. Tsalle na gaskiya daga 26.5 zuwa 27 yake.

A kanti kada ki tambayi yaro ko ya yi masa daidai, domin yara wanda ya fi sakewa suke zaɓa. Ki ce a zare takalmin ciki. Ya sa ƙafarsa da safa cikin ɓawon tsura, ya tura ta gaba har yatsu su ɗan taɓa, ya lanƙwasa gwiwa kaɗan. Ki haska fitilar waya ta bayan diddige ki ga filin da ya rage. Santimita ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne daidai, wato kamar yatsunki biyu ɗaya bisa ɗaya. Ga yaro mai girma ana iya yafe har biyu da rabi. Ya wuce haka, a mayar da takalmin kan kanta. In aka mayar da na ciki aka ɗaure, yatsu su riƙa shafar gaba yana tsaye, su ja baya da zarar ya matsa ƙwauri gaba. Ya zauna da shi minti goma sha biyar yana zagaya kantin. Soson zai kwanta bayan 'yan kwanaki na wasa, takalmin ya ƙara sakewa. Ba ya ƙara matsewa.

Yanzu ga inda matsalar ɗanki take. Ƙafarsa ta babba ce, amma nauyinsa da tsawon ƙwaurinsa na yaro ne. Kowane takalmi yana da lambar tauri, a kanti za ki ji suna cewa fileks, kuma galibi tana cikin sunan takalmin. Na yara yakan kama daga 40 zuwa 70. Na manyan maza ya fi yawa daga 80 zuwa 130. An yi su ne don mutum mai kilo 70 ko 80 ya danna su lanƙwasa. Yaro mai kilo 38 ba zai iya motsa wuyan takalmi mai 100 ba. In idon sawu bai lanƙwasa ba, sai ya tura ɗuwawu baya kamar mai shirin zama a kujera, nauyi ya bar gaban allon, allon ya riƙa gudu da shi. Malamin aji zai yi ta cewa ya sunkuyo gaba, alhali takalmin ne ya hana. Ga mai koyo mai irin nauyinsa, ki nemi 60 zuwa 70.

Lambar ba doka ba ce, 70 na wannan kamfani ba lallai ya zama 70 na wancan ba. Sai an gwada. A ɗaure duka biyun, ya tsaya a ƙasa, ya tura gwiwa gaba. Ya kamata gwiwar ta kai saitin yatsu ba tare da diddige ya ɗaga ba. Ki kuma tuna kanti da ɗumi, roba kuwa tana ƙara tauri a sanyi. Wanda ya lanƙwasa da ƙyar a kanti, a kan dutse cikin watan Janairu zai zama kamar itace.

Sai tsawon wuya. Na manyan maza yana da dogon wuya. A ƙafar yaro yakan hau har kan naman sha-raɓa, ya danne shi, ya tura yaron gaba fiye da kima ko ya sa masa ciwo a bayan ƙafa. Bakin wuyan ya tsaya a ƙasan inda naman ya fi kauri.

Hanya uku ce a gabanki, kuma ga yadda muka jera su. Ta farko, takalmin yara mai maɓalli huɗu a 26.5 ko 27.5, in awo ya yarda. Cikin wannan sahu akwai masu gajeren wuya da kamfanonin Lange da Rossignol suke yi wa matasa, da harufan SC a sunansu, waɗanda girmansu kan wuce na yara gama-gari. Sai dai matsattsu ne, faɗinsu wajen milimita 97, sun fi dacewa da siririyar ƙafa. Ta biyu, takalmin mata. Wuyansa gajere ne, taurinsa yana farawa daga wajen 60 ko 65, girmansa yakan kai 27.5. Da yawa baƙaƙe ne ko masu ruwan toka, ba wanda zai gane a kan dutse, kuma mu a ganinmu wannan ce mafitar da iyaye suka fi tsallakewa ba gaira ba dalili. Ta uku, na manyan maza mafi laushi, mai 70. Aibinsa shi ne irin waɗannan galibi masu faɗi ne, milimita 102 zuwa 104, don haka siririyar ƙafar yaro za ta yi iyo a ciki ko da tsawon ya yi daidai. In dole ta sa aka sayi na manya, gwanin gyaran takalmin siki yana iya rage taurinsa: wasu takalman suna da kusoshi biyu a bayan wuya da ake cire ɗaya, wasu kuma ana yanke ɗan tsagi a bayan ɓawon ƙasa. Yankan ba ya komawa, kada a yi shi a gida.

Game da kuɗi, maigida yana da gaskiya, ƙafar ɗa namiji takan ci gaba da girma har wajen shekara 14 zuwa 16. Maganin shi ne hayar kaka guda. Kantunan siki da yawa a Kanada da Amurka suna ba da takalmi da allo haya daga farkon hunturu zuwa ƙarshensa, wasu ma suna canza wa yaro in ƙafarsa ta ƙaru a tsakiya. Ki tambayi wannan sharaɗi kafin ki biya. Akwai kuma kasuwar musayar kayan siki da ake yi a Oktoba da Nuwamba, inda za ki sayar da na bara ki sayi na bana.

Tambaya: 'Yata shekararta 12, makarantarsu za ta kai su makon siki. Mun je gwajin takalmin haya, ƙafarta 26 ce amma ta ce yana cizonta a gefe da kuma sama. Da aka ba ta 28 ta ce ta ji daɗi. In karɓi 28 ɗin? Daga wani uba, Biyana, Ostiriya.

Amsa: A'a, Malam, kada ka karɓa. Matsalarta faɗi ce da tudu, an kuwa ba ta tsawo. Ƙarin santimita biyu zai sauƙaƙa cizon a kanti, ya kawo duk abin da muka lissafa wa Hajiya a sama.

Takalman siki suna zuwa da faɗi iri uku: matsattse wajen milimita 97 zuwa 98, matsakaici 100, mai faɗi 102 zuwa 104. Wannan adadi na takalmi mai girman 26.5 ne, yana ƙaruwa da kamar milimita biyu a kowane girma na gaba. Yaran da suka tashi cikin silifa ko suna yawo ba takalmi sukan zo da yatsu a baje da gaban ƙafa mai faɗi, don haka wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ka auna faɗin ƙafarta, ka je da adadin, ka ce 26 kake so mai faɗi. Manyan kantunan haya sukan ajiye fiye da samfuri ɗaya.

Cizon sama kuwa daga doron ƙafa yake, kuma ya fi na gefe wuyar magani, domin jijiyoyin jini da jijiyoyin jin taɓi ta nan suke bi. In aka danne wurin, yatsu su yi sanyi su mutu cikin ɗan lokaci. Kafin a ɗora wa takalmin laifi, a duba ɗaurin. Ta zauna, ta sa ƙafa, ta buga diddige a ƙasa sau biyu ya koma mazauninsa, a gyara harshen ya zauna a tsakiyar ƙwauri. A fara da maɓallan sama biyu da ɗamarar da ke zagaye bakin wuyan takalmin. Ta miƙe ta matsa gaba sau uku. Sannan a rufe na ƙasa biyu, da laushin da yatsa ɗaya zai iya rufe su. Aikin na ƙasa tsare ƙanƙara ne kada ta shiga, riƙe ƙafa na sama ne. Yara da yawa suna yin akasin haka.

In tafin ƙafarta a shimfiɗe yake, ƙafar takan baje in ta taka, ta ƙara faɗi da tsawo, ƙashin idon sawu na ciki ya riƙa gogar ɓawo. Shimfiɗar ciki mai ɗan tudu a tsakiya, wadda ake saya daban, takan gyara wannan. Amma ga mai doron ƙafa mai tudu, a nemi siririya, don mai kauri za ta ƙara ɗaga ƙafar ta matse ta. Takalmin da aka saya ana iya gasa na cikinsa ya ɗauki siffar ƙafa, a kuma ɗumama ɓawon a tura shi 'yan milimita a daidai inda yake cizo. Na haya ba a yi masa haka, sai canji. Saboda haka ka je gwaji tun da sauran kwanaki kafin tafiyar, kada ka bari sai daren da za su tashi.

Tambaya: Na samo wa ɗana takalmin manya na hannu, 27.5, da araha. Zai hau allonsa na bara? Nauyinsa kilo 40. Daga wani uba, Oslo, Norwe.

Amsa: Wataƙila ya hau, amma kada ya taka ƙanƙara sai mai gyara ya duba. Mariƙin allo an yi shi ne ya saki takalmi in yaro ya faɗi, kafin ƙashin ƙwauri ya karɓi murɗar. Abu uku ke iya ɓata wannan.

Na farko siffar leɓe. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 5355 ta raba tafin takalmi gida biyu, A na manya da C na ƙananan yara, kuma na manya ya fi kauri da faɗi. Wasu mariƙan yara C kaɗai suke karɓa, wasu suna karɓar duka biyun. Sannan akwai tafi mai ɗan lanƙwasa da ake kira GripWalk, wanda sai mariƙin da ke ɗauke da alamarsa. Na biyu tsawon tafi. A gefen diddigen takalmin akwai lamba mai alƙaluma uku da aka buga a jikin roba, ga 27.5 za ka ga wajen 315. Tsawon waje ke nan da milimita, kuma da shi ake saita mariƙi. Layin da mariƙin yara ke gudu a kai yana da iyaka, zai yiwu bai kai nan ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Ƙarfin sakin mariƙi, lambar DIN, ana lissafa shi daga nauyi, tsawo, shekaru, ƙwarewa da tsawon tafi. Tafi in ya ƙara tsawo, lambar raguwa take yi, domin doguwar ƙafa ta fi murɗa ƙwauri da ƙarfi, kamar yadda dogon sifana ya fi kwance noti. Mai koyo mai kilo 40 da tafin 315 lambarsa tana iya faɗowa ƙasa da 3. Mariƙan manya da yawa daga 3 ko 4 suke farawa, ba za su sauko inda yake buƙata ba. Abin nema shi ne mariƙin matasa mai kamawa daga 2 zuwa 7 wanda ke karɓar tafin manya. Allon kansa kuma da tsawon yaro da nauyinsa ake zaɓarsa, tsakanin haɓa da hanci ga mai koyo, girman ƙafa bai shiga ciki ba.

Ka juya takalmin ka duba ƙasansa. In leɓen gaba ko na baya ya cinye saboda tafiya a kan kwalta, mariƙi ba zai riƙe shi yadda ya kamata ba. Wasu ana canza musu faifan ƙasa da sukuru, wasu ba a yi. Ka buɗe ɓawon ka duba tsaga kusa da maɓallai, don tsohuwar roba takan fashe a sanyi. Tunda a Norwe kake, ka leƙa reshen BUA mafi kusa, suna ba yara aron kayan wasanni kyauta.

Tambaya: Ɗana yana kukan sanyin ƙafa ko da na sa masa safa biyu masu kauri. Yana da sikila. Daga wata uwa, Denba, Amurka.

Amsa: 'Yar'uwa, mu ɗauki maganar sikila da farko. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya da ƙarancin iska a kan tsauni duk suna tayar da ciwon, kuma wasan siki ya haɗa huɗun. Wuraren wasa da yawa a Kolorado sun haura mita 2,500, Denba kanta tana wajen 1,600. Ki kai maganar gaban likitan jininsa kafin ya sake hawa, shi zai ce a je ko kada a je, da kuma iyakar tsayin. Ko mai AS ya kamata iyayensa su san cewa ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari a kan tsauni abin zuwa asibiti ne nan take, saboda saifa.

Safa biyu kuwa su ne suke ƙara masa sanyin. Suna cike filin takalmin su danne jijiyoyi, suna kuma naɗewa su yi ƙulli. Guda ɗaya za a sa, siririya, doguwa har ƙasan gwiwa, ta ulu ko ta zaren roba. Auduga tana riƙe gumi ta daskare a jiki. Ba abin da zai shiga takalmin sai ƙafa da safa: wandon ciki a naɗe shi ya tsaya sama da wuyan takalmi, na waje ya rufo ta kai. In ya yi alwala, a goge ƙafar ta bushe sarai har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa. A yanke farce kwana ɗaya kafin wasa. Takalmin ya kwana a ɗaki, kada a bar shi a but ɗin mota, kuma kowane dare a zare na ciki ya sha iska nesa da hita, don zafi kai tsaye yana lalata soson. Yana hawa kujerar da ke kai su sama, ya sassauta maɓallan ƙasa biyu. A baƙar fata, taɓin sanyi ba ya nuna fari ƙal yadda littattafai ke kwatantawa, yakan zo da launin toka, fata ta yi tauri, yatsa ya daina ji. Da ganin haka a shiga ɗaki, a ɗumama da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba a murzawa.

Tambaya: Na ji akwai takalmin da ake ƙara masa girma. Zai yi wa 'yata mai ƙafa 26.5? Daga wata uwa, Giranobul, Faransa.

Amsa: Akwai shi, kamfanin Roces na Italiya yana yin sa, kuma yana da amfani ga ƙananan yara masu koyo. Sai dai mafi girmansa daga 22.5 zuwa 25.5 yake kamawa, 'yarki ta wuce shi da santimita ɗaya. Ki auna faɗin ƙafarta, ki gwada mata na yara a 26.5, in wuyan ko faɗin bai yi ba ki koma sahun na mata mai tauri 60 zuwa 70.